Horon ma'aikatan jinya zai koma intanet: ta ina za a fara?

Mai_Horarwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Akwai horon sabunta ilimi na kwana uku da ake yi wa ma'aikatan jinya duk shekara, wajen mutum 200, a kan kariya daga ɗaukar cuta a asibiti, lissafin magani, da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Yanzu an ce a mayar da shi intanet, don ba a iya ɗauke mutane daga aiki kwana uku a jere. Shirin shi ne a naɗi laccocin a bidiyo, kowace lacca awa guda, a ɗora, a sa jarrabawa a ƙarshe, wanda ya ci a ba shi takardar shaida. Yawancinsu da waya za su shiga, kuma sabis ba ƙarfi. Wannan zai yi kuwa?

Mai_Tsara_Darasi

Wa alaikumus salam, Malama. A gaskiya ba zai yi ba. Za ki sha wahalar naɗa, su kuma su ja bidiyon zuwa ƙarshe ba tare da sun kalla ba.

A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet na edX, suka ga yawancin ɗalibai ba sa wuce minti shida, komai tsawon bidiyon. Wani binciken da ya fito a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa a kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard na kan edX, kusan kashi 3 cikin 100 ne suka kai ƙarshe a zangon 2017 zuwa 2018. Horonki dole ne, don haka za su gama, amma gamawa daban, koyo daban.

Ki fara daga ƙarshe. Ki rubuta abin da kike so ma'aikaciya ta iya yi bayan horon, jimla ɗaya-ɗaya, kamar "ta lissafa ɗigon ruwan jijiya a minti ba kuskure". Kowace jimla ta zama darasi guda: bidiyo na minti huɗu zuwa shida, tambayoyi uku zuwa biyar nan take, kuma duk amsar da ba daidai ba a bayyana dalilin kuskurenta. Wurin bayanin nan ne ake koyo, shi ne kuma mutane suka fi ƙyuyar rubutawa. Abin da bai shiga cikin jimlolin ba, ki yar da shi, ko da malamin da ya saba gabatar da shi zai ji ba daɗi.

Sai ki shimfiɗa darussan a kan mako shida ko takwas, biyu ko uku a mako. Tambayar makon farko ta sake fitowa a mako na uku da na shida da wasu alƙaluma. Roediger da Karpicke sun nuna a 2006 cewa wanda aka gwada da tambaya ya fi tuna abu bayan mako guda a kan wanda ya maimaita karatu kawai. Wannan ita ce babbar ribar intanet da aji na kwana uku ba zai taɓa ba ki ba.

Injiniyan_Saba

Malam ya gama da ɓangaren koyarwa, bari in taɓo na na'ura.

Lissafin data tukuna. Bidiyo mai ƙarfin 720p a kan megabit 2 a sakan, awa ɗaya tana cin megabait 900. In aka sauke shi zuwa 360p a kan kilobit 400, darasin minti shida bai wuce megabait 18 ba. Murya zalla a kan kilobit 32 kuwa, minti shidan megabait ɗaya da rabi ne. Saboda haka darasin da ba sai an ga hannu yana aiki ba, a yi shi murya da takarda mai shafi ɗaya. Manhajar HandBrake kyauta ce, da ita za ki matse bidiyon zuwa tsarin bidiyo na MP4 mai H.264, wanda kusan kowace waya ke buɗewa. Bayan matsewa ki duba a ƙaramar waya ko rubutun allo na karantuwa, don shi ne ke fara dushewa. Kuma ki fi kashe ƙarfi a kan murya: makirfo na maƙalawa a riga, ɗaki mara amsa-kuwwa. Mutane na jure hoto mara kyau, ba sa jure muryar da ba sa ji.

Dandalin da za a ɗora darussan kuwa, Moodle ya isa. Manhajarsa ta waya tana bari a sauke darasi lokacin da sabis ke akwai, a yi aiki ba intanet, sakamakon ya tafi daga baya. Amma gwaji ba zai yi aiki ba intanet ba sai an kunna wannan zaɓin, an cire ƙayyade lokaci, an kuma sa sakamako ya fito bayan an miƙa duka amsoshi.

Abubuwa biyu ne suka fi lalacewa. Na farko, aikin cron, wato tsarin da ke gudanar da ayyukan Moodle na bayan fage kai-da-kai, wanda ya kamata ya riƙa gudana kowane minti. In ya tsaya, saƙonnin tunatarwa ba sa fita, alamar kammala kwas ba ta bayyana, mutane su yi ta kira cewa sun gama ba a ba su shaida ba. Na biyu, iyakar girman fayil: PHP, wato harshen kwamfutar da Moodle ke aiki da shi, na zuwa da megabait 2 kacal, sai an ɗaga ta a sabar (kwamfutar da ke ɗauke da dandalin) kafin bidiyo ya hau. Ni da za a bi tawa, a manta da Zoom gaba ɗaya, don ajin kai-tsaye shi ne ya fi cin data, ya fi kuma yankewa.

Malamar_Jinya

Injiniya, a nan kam ban bi ka ba. Lacca kai-tsaye ɓata data ce, na yarda. Tattaunawa a kan mara lafiya kuwa wani abu ne daban. Ka duba shirin ECHO da Dakta Sanjeev Arora ya fara a Jami'ar New Mexico ta Amurka a 2003. Ma'aikatan lafiya na karkara kan haɗu da ƙwararru ta bidiyo duk mako, su gabatar da masu ciwon hanta nau'in C da ke hannunsu, a tattauna. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna waɗanda aka kula da su a karkara sun warke daidai da na asibitin jami'ar, kusan kashi 58 cikin 100 a kowane ɓangare. A riƙa yin zama guda na minti 45 duk mako biyu, mutum 15 zuwa 20, kyamara a kashe, ɗaya ta kawo matsala daga wurin aikinta. Sai dai a cire suna da duk abin da zai sa a gane mara lafiyar.

'Yar'uwa, abin da ya fi damuna a shirinku shi ne farfaɗo da zuciya. George Miller ya jera matakan ƙwarewa huɗu a 1990: sani, sanin yadda ake yi, nunawa, sannan yi a bakin aiki. Intanet na ɗaukar biyun farko da kyau. Waya za ta koya wa mutum cewa ana danna ƙirjin babba sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Ba za ta gaya masa cewa dannawarsa ba ta kai zurfi ba, ko yana jingina a kan ƙirjin bai bar shi ya dawo ba, ko ƙarfinsa ya ragu bayan minti biyu. Waɗannan su ne kurakuran da aka fi yi, kuma mai yin su bai san yana yi ba. Haka wanke hannu: kowa zai rubuta sakan 40 zuwa 60 da sabulu, 20 zuwa 30 da sinadarin shafawa, amma babban yatsa da bakin farce sai mai kallo ne zai ga an tsallake su.

Don Allah kada a ba kowa takarda kafin wannan. A ware rabin yini, rukuni na mutum shida ga gunkin gwaji (mutum-mutumin koyon danna ƙirji) ɗaya, mai dubawa da takardar maki a hannu. Kwana uku ya koma awa huɗu, kuma ba mai shiga sai ya kammala na intanet.

Mai_Horarwa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura satar amsa. An kawo shawarar manhajar da ke gadin mai jarrabawa ta kyamara.

Mai_Tsara_Darasi

Ban ba ki shawararta ba, Malama. Tana buƙatar sabis mara yankewa, yawancinsu kwamfuta suke so ba waya ba, kuma an sha kokawa cewa ba sa gane fuskar baƙar fata idan haske ya yi ƙasa. Za ki ƙare da tuhumar mutanen kirki.

Ki sa satar ta zama mara amfani. Ki tara tambayoyi ninki huɗu ko biyar na waɗanda za a yi, Moodle ya zaɓa wa kowa nasa. A lissafin magani akwai nau'in tambayar da ke canja alƙaluma ga kowane mutum: wata ta samu mililita 1000 cikin awa 8 da bututu mai ɗigo 20 a kowace mililita, wata 500 cikin awa 6. Ki kula da iyakar kuskuren da na'ura za ta karɓa. Amsar ta farko 41.67 ce, ma'aikaciya kuma 42 za ta rubuta, wanda shi ne daidai a bakin gado. In ba a buɗe iyakar ba, sai a kayar da wadda ta iya.

Bayan mutum 50 na farko sun yi, ki buɗe ƙididdigar gwajin. Tambayar da masu maki da yawa ke faɗi, masu ƙaramin maki na ci, kusan kullum laifin rubutunta ne ko an saka amsa ba daidai ba. Ki gyara ta, ki sake maki, kafin rukuni na biyu ya shiga.