Kot an fil: me za mu ce masa da Hausa?

Mai tambaya, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ne yake karatun injiniya a jami'ar KNUST da ke Kumasi, jiya yana ba ni labarin layin dogon Tema zuwa Mpakadan a nan Ghana, kilomita 97 ɗin nan da ya ƙetare kogin Volta, sai ya yi ta cewa kot an fil kot an fil da Turanci, na ce kai yaro yi min da Hausa, sai ya kama sosa ƙeya. Wai jirgin ƙasa ba kamar motar trotro ba ne da zai ja tudu da giya, ƙarfe ne kan ƙarfe, dole a sare tudu a cike kwari hanya ta miƙe, kuma gwanintar ita ce ƙasar da aka sare a nan ita za a zuba can, ba a zubar ba a sayo wata. To me sunansa?

Direban tifa, Ashaiman:
Haƙa da ciko mana. Ciko ai kowa ya san shi, duk mai fili a fadama ya sayi ciko.

Wata malama, Sabon Zango:
Ciko ya zauna, amma haƙa ban yarda ba ɗan'uwa. Haƙa ƙasa ake yi da ita, rijiya, kabari, ramin galamse na masu haƙar zinariya. Tudu kuwa sara ake. Sara da ciko ya fi.

Tsohon birkila, Nima:
Malama ta yi gaskiya. Amma ku yara kun manta abu ɗaya, ba kowace ƙasa ke cikuwa ba. Ta sama mai saiwa da ruɓaɓɓen ganye gefe ake tara ta, daga baya a shimfiɗa a bakin hanya ciyawa ta kama don kar ruwa ya zaizaye. Marmara da jar ƙasa mai tsakuwa su ne na ƙwarai, yumɓu kuwa in ya sha ruwa ya kumbura in rani ya yi ya tsage, sai an gauraya shi da siminti kafin ya yi amfani. Kuma ba juyewa ake kawai ba, kaɗan kaɗan ake zubawa a yayyafa ruwa rola ta bi ta kai, wannan ai daɓe ne, irin wanda iyayenmu mata suke yi wa ɗaki.

Direban tifa:
Baba ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ƙasa in an tono ta kumbura take, amma tifa goma in an daɓe ba za ta cike ramin da ta fito ba ma wani lokacin, kuma duk nisan da na ƙara dizal ne. Shi ya sa injiniyoyi ke lissafin wane tudu zai ciyar da wane kwari.

Mai tambaya:
To in ƙasar ba ta isa ba fa, ramin da ake zuwa ɗebowa, boro fit yake ce masa.

Tsohon birkila:
Kududdufi! Wannan ba sai an ƙirƙira ba ɗana, duk tsohon garin Hausa da nasa, inda aka ɗebi ƙasar gini damina ta cika shi da ruwa da sauro.

Wata malama:
Shi ke nan, sara da ciko, daɓe, kududdufi. Saura wadda ta yi yawa ba wurin zubawa, ni dai rarar ƙasa zan ce.

Mai tambaya:
Na tura masa. Ya ce sara da cikon ya yi, wai rarar ƙasa ce bai gamsu da ita ba don wata ba yawa ta yi ba, lalatacciya ce kawai. Baba, wannan kuma sai kai.