Rawar barkwanci a kan taɓin hankali: faɗakarwa ce ko cin fuska?

Ɗan wasan daɓe, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Mu matasa ne masu wasan kwaikwayo a nan Jos, muna shirin nuna wata rawa ta barkwanci a ranar 10 ga Oktoba, wato Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya. Abokaina sun tsara ta yadda aka saba: mutum ɗaya ya sa tsumma, ya rataya gwangwanaye, yana taka kalangu a karkace, jama'a suna dariya. Ni kuwa raina bai kwanta ba, domin yayana ya shekara uku yana fama da wannan lalura, kuma da idona na ga yara suna bin sa da ihu a layinmu. Shin akwai yadda za a sa mutane dariya ba tare da an tozarta irin su yayana ba?

Tsohon malamin Hausa, Dilimi:
Wa alaikumus salam, yarona. Allah Ya ba yayanka lafiya. Amsarka tana cikin tashen da kuka taso kuna gani daga goma ga watan azumi. Dubi Jatau mai magani: ba mara lafiya ake yi wa dariya ba, mai tallar maganin ne da cika bakinsa. Saboda haka kada ku fasa rawar, ku sauya wanda dariyar za ta faɗa wa. Ku fito da maƙwabciyar da ke leƙe ta katanga, da kawun da ke cewa iskanci ne kawai, da mai maganin da ya karɓe akuyar gida ya bar yaro yadda ya same shi. Su za a kwaikwaya, har mai kallo ya gane kansa a cikinsu, ya ji kunya.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Na goyi bayan Malam, amma ina da ƙari. Siffar mai tsumma da gwangwanaye ita ce ke hana mutane zuwa asibiti, domin wanda ciwon damuwa ya hana shi barci da cin abinci, ko mai jegon da hankalinta ya rikice bayan haihuwa, ba sa ganin kansu a cikin wannan hoton, sai su yi shiru har abin ya yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma akasarinsu suna zuwa kasuwa da ofis kamar kowa. Garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 kuwa, Allah kaɗai Ya san yawan masu ɗauke da firgici a zuci. Ku sanar da masu kallo cewa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen masu wannan lalura, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙoƙinsu.

Wanda ya samu sauƙi, Bukuru:
Ƙanena, ni na sha wannan ciwo, har an taɓa sa mini mari a ƙafa na wata biyu kafin a kai ni wurin likita. Abin da ya fi yi mini ciwo bayan na warware shi ne yadda abokaina suka daina yi mini wasa, suna lallaɓa ni kamar ƙwai. Ranar da ɗayansu ya sake tsokanata muka yi dariya tare, ranar na ji na dawo cikin mutane. Ku gwada rawar a gaban irinmu kafin ku fita da ita, kuma ku fara tambayar yayanka.

Ɗan wasan daɓe, Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Yaya. Na tambaye shi jiya da daddare. Ya ce a cire gwangwanayen, kuma shi ne zai koya mana tafiyar kawun, domin ya fi kowa saninta.