Shuɗin tambari yana komawa shunayya idan an buga

Assalamu alaikum. Na zana wa wani mai sayar da turare tambari a manhajar zane ta CorelDRAW, shuɗi mai haske a kan farin fili, amma da zarar an buga shi a kan kwalin turaren sai shuɗin ya dushe, ya karkata zuwa shunayya. Na mayar da aikin daga RGB (tsarin launukan allon kwamfuta) zuwa CMYK (tsarin launukan tawada huɗu na injin bugawa), na rage magenta (tawadar ja mai ruwan hoda) daga kashi 80 zuwa 60, sannan na fitar da shi a PDF. Shunayyar ta ragu, sai dai launin ya koɗe kamar tsohon shuni. Sau uku ke nan ana buga gwaji, mai kaya yana ƙin karɓa, ga shi yana jiran kwalaye 500 kafin Sallah. Don Allah, wane haɗin CMYK ne yake fitar da shuɗi tsantsa a kan kwali marar sheƙi?