'Yata ta ƙi makaranta, a asibiti kuma hira kawai ake yi mata

Mai tambaya, uwar yara huɗu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. 'Yata ta biyu shekararta 13, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Yau wata huɗu ke nan kullum da safe sai ciwon ciki, wani lokacin har da amai, zuciyarta na bugawa kamar za ta fito. Mun yi gwajin taifot, mun yi na maleriya, an ba ta maganin olsa, an yi hoton ciki, ba a ga komai ba. Abin da ya ɗaure mini kai, ranar Asabar da Lahadi garau take tashi, har wanke-wanke take yi tana waƙa. Daga baya ƙawarta ta gaya mini wai an taɓa fito da ita gaban allo ta kasa lissafi, bakinta ya riƙa rawa, 'yan aji suka kwashe da dariya. Ita ba ta taɓa faɗa mini ba.

Likita ya tura mu wajen wata masaniyar halayyar ɗan'adam, ta ce ciwon fargaba ne, za ta yi mata abin da suke kira Si-Bi-Ti, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Mun je sau uku. Ba allura, ba ƙwaya. Hira suke yi, ta ba ta littafi ta ce ta riƙa rubuta abin da ya zo mata a rai. Ni kuma ta ce in daina barinta a gida, in rage ce mata "ba abin da zai faru". To ina uwa, 'yata na kuka, in ƙi lallashinta? Babansu ya ce kuɗin mota da na kati kawai muke zubarwa. Kakarsu ta ce shafar aljanu ce a kai ta ruƙiyya. Ni dai kaina ya kulle. Mu ci gaba ko mu haƙura?

Wani magidanci:

Hajiya, shagwaɓa ce. Mu da aka yi mana bulala a kan makaranta ga mu nan lafiya lau. Babanta ya sa mata ido kwana uku ki gani.

Malamar sakandare, shekara 19 a aji:

Malam, da girmanka, amma a'a. Yaron da ke ƙin makaranta don wasa yakan fita da kayan makaranta ya zarce majalisa ko gidan kallon ƙwallo, iyaye ba su sani ba. Wannan kuwa a gaban uwarta take amai, gida take maƙalewa. Ba iri ɗaya ba ne. Na ga waɗanda aka daka a kan haka, suna zuwa ɗin, amma sai su zauna a bencin ƙarshe kamar gunki har su gama ba su ɗaga hannu ba.

Maman yarinya, abu ɗaya nake so ki tabbatar kafin komai. Ki zauna da ita ku biyu, ƙofa a rufe, ki tambaye ta ko akwai mai cin zalinta: ɗaliba, malami, mai adaidaita, ko wani a hanya. Idan akwai mai taɓa ta ko mai tsorata ta, wannan ba tunani ba ne da za a gyara, mutum ne da za a raba ta da shi. In kin tabbatar dariyar nan ce kaɗai, to ki je ki sami malamar ajinsu, ki faɗa mata gaskiya. Yawancinmu in an yi mana bayani muna ba da haɗin kai.

Masaniyar halayyar ɗan'adam, mai aiki da yara:

Yaya, sannu da ƙoƙari. Ban ga 'yarki ba, don haka maganar wadda ke duba ta ita ce gaba da tawa. Zan dai bayyana miki abin da ake yi a ɗakin nan, saboda ya kamata a ce an yi miki bayaninsa tun ranar farko.

Da fari, ciwon cikin gaske ne, ba ƙarya take yi ba. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, jiki na sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya karkata zuwa ga tsoka, aikin hanji ya rikice. Shi ya sa gwaji ba ya nuna komai, shi ya sa kuma Asabar take lafiya.

Ga inda matsalar take ɗaurewa. Da safe tsoro ya taso, kika ce ta zauna a gida, nan take ta ji sanyi a ranta. Wannan sanyin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwarta ta ɗauki darasi cewa makaranta haɗari ce, zaman gida ne ya cece ta. Gobe tsoron zai dawo da ƙarfin da ya fi na yau. Kowace rana da ta yi a gida tana samun sauƙin awa ɗaya, tana sayen wahalar mako guda. Haka ma "ba abin da zai faru": tana tambaya, kina amsawa, ta huce minti biyar, ta sake tambaya. Ba a ce ki daina tausayinta ba. Canza kalaman za ki yi. Ki ce: "Na san kina jin tsoro, na kuma san za ki iya jurewa. Ina nan." Kin lallashe ta, amma ba ki tabbatar mata cewa tsoron ya fi ƙarfinta ba.

Littafin kuma ba aikin banza ba ne. Wannan hanya ta samo asali ne daga wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Aaron Beck, a shekarun 1960 a Filadalfiya. Ya lura marasa lafiyarsa na da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu cikin ƙiftawar ido, su kuma su ɗauke su gaskiya ba bincike. Na 'yarki wataƙila shi ne "in na yi kuskure kowa zai yi mini dariya, ba zan ƙara iya ɗaga kai ba". Ana koya mata ta kama tunanin, ta rubuta, sannan ta tuhume shi kamar alƙali: ina shaida? Su nawa suka taɓa kasa lissafi a gaban allo? Wa ke tuna su yau? In ƙawarki ce abin ya samu, me za ki ce mata? Ba a cusa mata cewa komai daidai ne. Ana koya mata auna magana ne kafin ta yarda da ita. Ga ƙananan yara 'yan shekara 7 ko 8 ba ma dogon bayani, zane muke yi da wasa, mu sa wa tsoron suna, iyaye su ɗauki rabin aikin. Mai shekara 13 tana iya rubutu da muhawara da kanta.

Amma ni a wajena babban aikin bai ma zo ba tukuna, shi ne tsani. Za su jera abubuwan da take tsoro, ta ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Misali sa kayan makaranta a gida 2, tsayawa a ƙofar makaranta ranar da ba kowa 4, zama a ofishin malama minti 15 ya zama 5, darasi ɗaya a aji 7, amsa tambaya a gaban allo 10. Ana farawa daga ƙasa, ta zauna cikin tsoron ba ta gudu ba, ta maimaita har jikinta ya gane cewa abin da take jira bai faru ba, ko ya faru ba ta mutu ba. Sannan a hau mataki na gaba.

Zama uku kuwa ko rabi ba ku yi ba. Tsarin da Philip Kendall na Jami'ar Temple ya yi wa yara 'yan shekara 7 zuwa 13, wanda da yawanmu muke ɗora aiki a kansa, zama 16 ne: takwas na farko koyon dabaru, takwas na ƙarshe tunkarar abin tsoron. A zuwanku na gaba ki tambaye ta kai tsaye: zama nawa kika tsara, yaushe za a fara tsanin, mene ne aikina a gida? Haƙƙinki ne. In wata biyu suka wuce ana hira kawai ba aikin gida ba tsani, to wannan ba gyaran tunani da ɗabi'a ba ne, ki nemi wani.

Wata Hajiya:

Ni dai ban yarda a watsar da maganar kakarta ba. Ruwa ba ya tsami banza. A yi mata tofi, a riƙa karanta mata Falaƙi da Nasi.

Malamin Islamiyya:

Hajiya, ba wanda ya ce a bar addu'a. Manzon Allah (SAW) da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya kuma ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, duka suna cikin Bukhari. Uwa ta yi wa 'yarta tofi da bakinta, ta koya mata azkar na safe, wannan alheri ne. Abin da nake ja wa kunne shi ne kai yarinya inda za a zagaye ta ana ihu, ana hayaƙi, ana ce mata akwai wani a jikinta. Yarinyar da tsoro ke ci, ka ƙara mata da tsoron aljani?

Kuma masu ganin abin na Turawa ne zalla su sani, Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya ce mutum ya tanadi tunani masu kyau lokacin da hankalinsa ke kwance, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo. Farfesa Malik Badri ɗan Sudan ne ya fassara wannan sashe na littafinsa zuwa Turanci. To littafin da aka ba yarinyar nan me ya raba shi da wannan?

Ɗalibar jami'a:

Mama, ni aka yi wa irin wannan ina shekara 16, saboda ko gaisuwa a taro ba na iyawa. Gaskiya makonnin farko haushin matar nake ji, ina ganin ta raina mini hankali. Ranar da aka sa ni in shiga kanti in tambayi farashin abu in fita ban saya ba, sai da na yi kuka a mota. Abin da zan roƙe ki: kada ki karanta littafinta in ba ita ta nuna miki ba. Mamata ta karanta nawa ta ba yayyena labari, na yi wata guda ban rubuta komai ba. Kuma kada a riƙa yi mata "yau fa kin je?" a gaban baƙi.

Mai harhaɗa magunguna:

Game da maganar babansu cewa kuɗi kawai ake zubarwa tunda ba a ba da magani ba. An yi wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2008, a kan yara 488 'yan shekara 7 zuwa 17 masu ciwon fargaba. Bayan mako 12, waɗanda aka yi wa gyaran tunani kaɗai kusan kashi 60 cikin 100 sun sami sauƙi sosai, masu shan ƙwayar satralin (maganin fargaba da ciwon damuwa) kaɗai kusan kashi 55, waɗanda aka haɗa wa biyun kusan kashi 81, masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta kusan kashi 24. Ki nuna wa maigida wannan. Hirar ba ta gaza ƙwaya ba. Amma ki lura, huɗu cikin goma ba su warke da hirar kaɗai ba, saboda haka in an yi zaman yadda ya kamata ba canji, komawa wajen likitan ƙwaƙwalwa a duba batun magani ba faɗuwa ba ce.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a je kemis a sayo mata maganin barci ko na kwantar da hankali. Su kansu magunguna irin su satralin da likita ke rubutawa, tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a yi gargaɗi a jikinsu cewa suna iya tayar da tunanin kashe kai ga wasu yara a farkon sha, shi ya sa sai da sa idon likita. Kuma ko ba ta shan komai, in kika ji ta ce gara ta mutu, ko kika ga yanka a hannunta, ko ta daina cin abinci, kada ki jira ranar zama, ku tafi asibiti a ranar.

Wani uba daga ƙauye:

Duk na ji, amma ku na birni ne. Mu ina za mu ga irin wannan ma'aikaciyar? Zuwa 16 kuɗin mota kaɗai ya isa buhun masara.

Masaniyar halayyar ɗan'adam:

Baba, gaskiyarka, mu kaɗan ne ƙwarai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Wanda ya zo daga nesa ya faɗa tun farko, a roƙi a tazarar da zaman, a koya wa uba ko uwa yadda za su riƙe tsanin a gida, a riƙa bibiya ta waya. Bai kai zuwa kowane mako ba, amma ya fi zama haka nan nesa ba kusa ba.

Mai tambaya, bayan mako shida:

Na dawo in ba ku labari, Allah Ya saka da alheri. Na tambaye ta kamar yadda Malama ta ce, ba mai taɓa ta, dariyar ce. Babansu da ya ga alƙaluman nan ya yi shiru, washegari da kansa ya kai ta ƙofar makaranta ranar Asabar, suka zauna a mota tana kuka yana danna waya, har ta gaji ta ce a sayo mata awara. Yanzu tana zama har tara ta biyu. Litinin ɗin da ta wuce ta yi amai ta ce ba za ta ba, na faɗi kalaman nan muryata na rawa, na miƙa mata hijabinta, ta tafi tana harara ta. Ni ce na shiga ɗaki na yi kukan. Allo dai har yanzu yana kan 9, ta ce ko kusa. Kakarsu kuma ta ce tofinta ne ya yi aiki, ban musa mata ba. Ranar Laraba muke da zama na goma.