Me ya sa masu tara bourbon (giyar wiski ta Amurka) ke damuwa da lambar ganga?

Bakon_Louisville: 'Yan'uwa, a jihar Kentucky ta Amurka na ga mutane na bin layi tun asuba kan kwalba ɗaya, suna ta duba lambar ganga. Ba duk giyar masara ba ce?

Mai_Ganga: Malam, doka ɗaya ce: masara aƙalla kashi 51, sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta, ƙarfin barasa kada ya wuce kashi 62.5 lokacin zubawa a ganga. Amma gangunan da ke saman rumbu sun fi shan zafi, giyar ta fi shiga itacen, ruwa ya fi tsanewa, sai ta fito da kauri da duhu. Na ƙasa sun fi laushi. Shi ya sa kwalbar ganga guda, wadda ba a gauraya giyarta da ta wasu ganguna ba, ke da farin jini, ake kuma duba lambar gangarta.

Hajara_KY: A kula da jabu. Ana sayen kwalaben Pappy Van Winkle (wata bourbon mai tsada) da ba komai a ciki, a sake cikawa. A duba hatimin wuya.

Mai_Ganga: Kuma a tsaye ake ajiye kwalbar, nesa da rana. In aka kwantar, giyar na cin toshiyar, ta lalata ɗanɗanon.