Ɗana ya kasa zama a kujera, wace iri zan sa a yi masa?

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 7, yana aji biyu na firamare, kuma zama ya gagare shi. Da ya hau kujera sai mutsu-mutsu, ya zame har ƙugunsa ya kai bakinta, ko ya kwantar da ƙirji a tebur yana rubutu. Ba ƙiriniya ba ce, don ko talabijin yake kallo haka bayansa ke lanƙwashewa.

Kujerar roba ta yi masa tsawo, ƙafafunsa lilo suke yi. Na sa masa katako ya taka, ya ture shi. Na sa matashi a bayansa, zamewar ta ƙaru. Babbar ƙwallon motsa jiki da likitan gashin ƙashi ya ce mu gwada ta miƙar masa da baya, amma tsalle yake ta yi a kai, rubutun ya lalace. Na makaranta kuwa benci ne marar majingina, wannan sai a hankali.

Yanzu kafinta zan kai wa aiki, mai hannuwa da matakin ƙafa a manne. Don Allah waɗanda suka taɓa fama da irin wannan: a yi ta a kafe, ko a bar mata ɗan motsi?