Ɗalibaina suna juya (3, 5) ta koma (5, 3), ina neman shawara

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwana. Ina koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma mako uku ke nan muna kan sanya ɗigo a takardar giraf, abin ya ƙi zama.

Sun gane layin kwance shi ne x, na tsaye kuma y, sun san suna haɗuwa a (0, 0). Amma da na ce su sa (3, 5), sai kusan rabin ajin su fara hawa sama uku sannan su tafi dama biyar. Na fita da su fili, na zana layukan a ƙasa da toka, kowa ya taka da ƙafarsa: a fara tafiya gefe, sannan a hau ko a sauka. Ranar sun yi daidai har na ji daɗi. Washegari da muka koma littafi, sai kuskuren ya dawo.

Wanda ya fi damuna shi ne sifili. (0, 4) kan layin kwance suke ɗora ta, wai tunda x ce ta zo farko. In kuwa alamar ragi ta shigo, kamar (-2, 4), wasu sai su gangara ƙasa maimakon su yi hagu. Ina zargin tun a layin lamba aka bar su a baya.

Shin in dakata in koma layin lamba, ko in ci gaba da ɓangaren dama na sama kaɗai har su ƙware? Jarrabawa ta matso, kuma zana y = 2x + 1 ne ke gabanmu. Don Allah wanda ya taɓa warware wannan ya taimaka mini.